Abin da Ya Ci Gidan Miskine

Shekara da shekaru ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai taurin kaina ne ya ci gidanmu na unguwar Miskine, wai dattawa sun yi sulhu na ƙi, na kwashi abin da ubanku ya bari na kai wa masu baƙar riga a tirbinal, kotun gwamnati. Kai Habu har a gabana ka taɓa faɗa, ranar sunan 'yarka ta fari, ka ɗauka hayaniyar mata ta rufe maganar. Na ji. Ban tanka ba ne don a lokacin akwai mutanen da ke da rai, waɗanda kalma ɗaya daga bakina za ta iya raba su da ɗakunansu. Yanzu ƙasa ta rufe su duka. Mariya, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini zance, kuma kada ki sa Faransancinku sai wanda na sa da bakina.

Da ubanku ya rasu, ku huɗu ya bar mini da gidan nan mai ɗaki biyar, da mangwaro a tsakar gida, da rijiyar da muke ɗiba mu da maƙwabtanmu Kirista na gabas. Kuɗi kam bai bari ba. Abin da na iya dillanci ne. Ina da tebur a kasuwar Kilomita Biyar ta nan birnin Bangi, layin masu zane, kuma duk wanda ya san teburin nan ya san ba a taɓa ganin fiye da turmi shida a kansa ba. Da gangan ne. Tebur na idon mutane ne, na masu karɓar haraji da 'yan uwa masu zuwa rance. Ainihin sana'ar tana cikin gidaje. Matan alhazan unguwar nan ba sa fita kasuwa, amma babu wadda ba ta da abin hannunta: wata kuɗin ƙosai, wata ɗan kunnen zinariyar da ta sayar, wata abin da take tsamewa daga cefane shekara goma. Sai su ba ni. In direbobin Duwala sun iso in sayo musu atamfa, in ajiye, in bi gida-gida in sayar, in kawo wa kowace ribarta a ƙullin zane kamar na zo barka. Sharaɗi ɗaya ne tsakaninmu, miji ba ya sani. Wata in mijin ya sani zai ranta ya ƙi biya. Wata zai rage mata cefane. Wata kuwa kuɗin nan su ne kuɗin motarta in aure ya mutu, don yawancinsu iyayensu suna can Damagaram ko Kano, tafiyar da ba a yi da ƙafa. Mata tara nake riƙe wa kaya a shekarar da nake ba ku labari. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma kowace tana da launin zaren da nake ɗinke bakin buhunta da shi, kuma ban taɓa ɓatar wa kowa da ko ɗan kwali ba.

A magazan ɗin Alhaji Ɗanjuma nake ajiya, wani babban sito a bayan kasuwa. Shi babban ɗan kasuwa ne na sukari da mai da sabulu, yana kuma ba ƙananan 'yan kasuwa wuri, a biya shi kuɗin ajiya a kan kowane buhu duk wata. Kuɗin dilar zane daban, kuɗin buhun abinci daban, na zane ya ninka har sau uku. To ni sai in naɗe atamfa a leda, in cusa a buhun gozo, garin rogon nan da duk Bangi ke tuƙawa, in barbaɗe bakin da gari, masu pusu, 'yan turin amalanke, su tura zuwa magazan. Ko su masu turawar ba su san me suke turawa ba, da sun sani da iyayen gidansu sun sani kafin la'asar. Alhaji Ɗanjuma kuwa ya sani sarai. Yakan buga buhun da ƙafa ya ce gozona ya fi na kowa nauyi, kuma ɓera ba ya kula shi. Ni kuma in ce ai ɓerayen magazan ɗinsa masu kunya ne. Mu yi dariya, akawunsa ya rubuta gozo a littafi, in biya kuɗin gozo. Shekara shida muna haka. Ku ji da kyau, don nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba tunda na ce zan faɗi na kowa. Rufin asirin matan nan ne ya fara sa ni yin haka, amma sauƙin kuɗin ajiyar ma ya yi mini daɗi, kuma rarar a lalitata take zama.

Sai shekarar da sojoji suka yi bore har sau uku. Na farko a kan albashinsu ne, kwanaki kaɗan aka lallashe su. Na biyun shi ya ci gari. Muna Miskine muna jin harbi daga wajen tsakiyar birni, jiragen Faransawa suna shawagi ƙasa-ƙasa har kwanon ɗaki yana rawa. Sojoji su fasa ƙofa su ɗauki abin da suke so, 'yan gari su biyo bayansu su kwashe har ƙusa. Na tara ku a ɗakin tsakiya, muka yi kwanaki muna cin gozo na gaske da miyar ganyen rogo ba mai. Ranar da harbi ya lafa, da hantsi, yayana Sale ya raka ni magazan. Ƙofar ƙarfen tana ƙasa a lanƙwashe. Ciki kamar an share, sai farin gari a ƙasa da sawun ƙafafu. Buhuna goma sha huɗu ne a wurin, uku nawa, sha ɗaya na mutane. Na tsinci buhu ɗaya da aka farka da wuƙa, da zaren shuɗi a bakinsa, na Hajiya Ladi. Bayan wata guda na ga wata mata a layin famfo ɗaure da ɗaya daga cikin zannuwan da ke buhun nan, mai zanen tsuntsu a keji. Ta gaishe ni da fara'a, na amsa.

Da wannan ne kaɗai da na ce ƙaddara ce, don ba ni ɗaya aka yi wa ba. Amma ba a yi mako ba magana ta fito daga bakin masu pusu: kwana biyu kafin a fasa magazan, Alhaji Ɗanjuma ya kawo babbar mota ya kwashe sukarinsa da mansa da sabulunsa kaf zuwa gidansa na Kokoro. Wani ya raɗa masa abin da ke tafe. Ya kwashe nasa ya bar namu, bai kuma aiko ko mutum ɗaya ya ce mu zo mu ɗauke ba, alhali ya san ƙofar gidana kamar tafin hannunsa.

A Kilomita Biyar ɗan kasuwa ba ya kai ɗan uwansa ƙara wurin hukuma. Dattawa uku ake zaɓa, kowane ɓangare ya kawo ɗaya, na ukun a haɗu a kansa, shi ne uban zama. Yaya Sale ya kawo mini Malam Isufu, tsoho mai tsoron Allah wanda kunnensa ya fara nauyi. Ɗanjuma ya kawo Baba Musa, haifaffen Bangi, tsohon akawu, wanda Sango ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Uban zama kuwa Alhaji Garba mai kwanuka, mutumin da ake cewa ko ɗansa ne ba ya karkata masa. Da na ji sunansa har hamdala na yi, don shi ne mijin Hajiya Ladi, kuma a wautata na ɗauka Allah ne ya kawo mai gidan kayan ya tsaya wa kayan gidansa bai sani ba.

A zauren Alhaji Garba aka zauna, bayan azahar. Maza a kan darduma, ni a bakin ƙofar ciki a kan 'yar kujera, Yaya Sale ne bakina. Kafin a ce uffan Baba Musa ya fito da takarda ya karanta da Faransanci ya juya da Sango: mun yarda dattawan nan uku su duba abin da suka ga ya dace da adalci su yanke, kuma abin da suka yanke ya zauna. Ɗanjuma ya sa hannu. Aka shafa mini tawada a babban yatsa na dangwala. Ban tambayi komai ba. Gaskiya tana hannuna, me zan ji tsoro?

Maganar laifi ba ta ɗauki lokaci ba. Malam Isufu ya ce amanar da wuta ko yaƙi ya ci ba a biyan ta, amma wanda ke karɓar kuɗin ajiya, ya ga wuta tafe ya janye tabarmarsa ya bar ta maƙwabci, bai fita ba. Ɗanjuma ya ce mota ɗaya ya samu, kuma bai san abin zai kai haka ba. Suka ce to a raba asarar biyu, rabi na sojoji, rabi nasa. Har nan ban ƙi ba. Da aka zo kan nawa ne asarar, nan ƙasa ta tsage. Yaya Sale ya ce buhu goma sha huɗu, duka atamfa. Ɗanjuma bai ce ƙarya ba ne, bai kuma ce gaskiya ba ne, littafi kawai ya miƙa. Baba Musa ya bi da yatsa shafi bayan shafi, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Mama Rabi, takarda ta ce gozo. Shekara shida, gozo. Kuɗin gozo kike biya."

Na ce Alhaji Ɗanjuma ya san abin da ke ciki, a ba shi Alƙur'ani ya rantse bai sani ba. Ɗanjuma ya ce zai rantse bai taɓa buɗe buhuna ya duba ba. Kuma da gaskiyarsa, bai taɓa ba. Malam Isufu, wanda ɓangarena ne ya kawo shi, shi ya yi tambayar da ta kashe ni, kuma don ya taimake ni ya yi ta. Ya ce kowa ya san teburina, turmi shida ne, kowa ya san ubanku bai bar komai ba, to ina gwauruwa ta samo buhu goma sha huɗu?

"'Yata, in kayan mutane ne ki faɗi masu su. A aika su zo, ko a aika musu su rantse daga ɗaki. Yanzu sai mu yanke miki duka."

Ta bayan labulen ƙofar da nake zaune a bakinta ina jin motsin gidan, ana daka, wata tana yi wa akuya tsawa, kuma na gane muryar, ta Hajiya Ladi ce. Taku goma ne tsakanina da mai buhu uku daga cikin sha ɗayan. Yaya Sale ya juyo yana kallona, don shi ma bai sani ba. Na ce kayana ne. Malam Isufu ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton shi ne bai ji ba. Na ce kayana ne, Malam.

Suka fitar da mu suka yi shawara. Da aka dawo da mu Alhaji Garba ya yi magana a hankali, irin ta mutumin da ya san ana yaba hankalinsa. Ya ce ba su ce na yi ƙarya ba, ba su kuma ce Ɗanjuma ya yi ba. In suka bi littafi za su zalunce ni, don kowa ya san zane nake sayarwa ba gari ba. In suka bi bakina za su zalunci Ɗanjuma, don ba shaida. To sun auna girman teburina da ƙarfin hannuna, sun ga mace irina za ta iya mallakar buhu uku na atamfa. Sauran sha ɗayan a bar su yadda littafi ya faɗa. Ɗanjuma ya biya rabin wannan. Aka shafa fatiha.

Kun ji? Buhu uku. Kintace suka yi, kuma kintacen ya faɗa daidai a kan nawa, ko turmi bai kuskure ba. Sun auna ni daidai. Matan nan tara ne suka koma gari.

Abin da Ɗanjuma ya kawo washegari bai kai kuɗin buhu biyu ba. Kafin mako ya zagayo saƙo ya fara zuwa daga gidaje, wannan ta aiko da kunu a gaishe ni, waccan ta aiko a tambayi jikin Mariya da lafiyarta ƙalau. Na san abin da ake tambaya. Wani malami zai iya ce mini dillaliya ba ta biyan abin da yaƙi ya ci. Amma ba yaƙi ya mai da atamfarsu gozo ba, ni na mai da ita, kuma na ci rarar. Da na sa an rubuta zane na biya kuɗin zane, da rabin dukiyarsu ya dawo ba tare da an kira sunan kowa ba. Wannan lissafin ba na buƙatar akawu ya yi mini shi.

Na koma wurin Malam Isufu na ce a sake zama. Ya ce an shafa fatiha, ba a kwance ta. Na je wurin liman, ya saurare ni da kyau, ya ce shari'a da shaida take tafiya, in ina da ita in kawo, in babu in yi haƙuri. Kowa haƙuri, kamar haƙuri ne zan ƙulle a zane in kai wa mutane. Maƙwabciyarmu Mama Terez, wadda muke rijiya ɗaya, ita ta ce akwai wani lauya ɗan cocinsu. Na sayar da keken ɗinkina da warwaron aurena na bi ta. Ranar da takardar tirbinal ta isa hannun Ɗanjuma, kafin magariba duk Kilomita Biyar ta ji. Maza suka daina amsa gaisuwata a layi. Direbobin Duwala suka ce kayansu sun ƙare in ni ce mai tambaya. Yaya Sale ya zo ya tsaya a tsakar gida bai zauna ba, ya ce na zubar masa da mutunci, na kai Musulmi gaban wanda ba ya salla, kuma ya cire hannunsa. Ku ma kun sha naku a makarantar allo da ta boko, na sani, ina ganin fuskokinku in kun dawo.

Lauyan nan, metir ake ce masa, bai yaudare ni ba, wannan zan faɗa masa ko a kabari. Ya karanta takardar da na dangwala ya ajiye, ya yi mini bayani da Sango dalla-dalla. Ya ce alƙali ba zai sake auna buhunana ba. Da yatsana na ba dattawa izinin su yanke da abin da suka ga ya dace, ko sun kintata daidai ko sun kuskure, kintacen nasu ne, ba a ɗaukaka ƙara a kan ƙanƙantar kuɗi. Ƙofa biyu ce kawai. Ko in nuna an hana ni magana, ko in nuna ɗaya daga cikin ukun yana da hannu a cikin abin ya ɓoye. Na ce ba wanda ya hana ni magana. Ni na hana kaina. Ya ce to saura ɗaya, in je in yi tunani.

Ana cikin haka bore na uku ya tashi, wanda ya fi daɗewa. Gari ya rabu, shinge a kowace mararraba, tirbinal a rufe wata da watanni. Kasuwa rabi a buɗe. Ni kuwa ina bin gidajen nan tara da hannu wofi ina ba da baki. A irin wannan yawon ne na shiga wurin Hajiya Ladi wata ranar Talata da hantsi, Alhaji yana kasuwa. Ranta a ɓace yake, ba da ni ba, da maza. Ta ce su dai ba su yi asarar ko cokali ba. Ta ja hannuna zuwa ɗakin baya ta ɗaga labule. Katan-katan na kwanuka da tangaran har rufi, da tambarin magazan ɗin Ɗanjuma a jiki. Ta ce motar nan a ƙofarsu ta fara tsayawa kafin ta wuce Kokoro, da idonta ta ga ana saukewa, ita ta ba masu saukewar ruwa. Ba ta san abin da ta ɗora mini a hannu ba, ƙorafi kawai take yi irin na mata. Uban zaman da aka haɗu a kansa don ba ya karkata, ashe kayansa suna cikin motar da ake shari'a a kanta, ya zauna ya auna teburina bai ce komai ba.

Metir ya miƙe tsaye da na faɗa masa. Ya ce wannan ta isa a rushe hukuncin gaba ɗaya a sake sabon zama, kuma Ɗanjuma zai gwammace ya biya ni duka da a tona wannan a gaban alƙali. Amma sai da mai shaida. Direban motar ya tsere Cadi tun boren. Masu saukewa a hannun alhazan nan suke ci, na je wurin biyu daga cikinsu suka rantse ba su taɓa ganin mota ba. Kaya kuwa ana jin ƙishin-ƙishin za su bar ɗakin. Mutum ɗaya ce ta gani da ido kuma ba ta cin abincin Ɗanjuma.

Na koma wurin Hajiya Ladi. Na faɗa mata komai, har abin da zai dawo wa kowace mace a cikin taran in ta buɗe baki. Ta saurara har na gama, sannan ta sauko daga gado ta durƙusa ta riƙe ƙafata, mace mai jikoki.

"Yaya Rabi, in tsaya gaban alƙali in ba da shaida a kan mijina? Kuma a tambaye ni me ya haɗa ni da ke? Ranar zan kwana a titi. Shekara talatin rabona da Damagaram, ban san wa ya rage ba, ga hanya duk bindiga. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Na ce metir zai iya sa a kira ta ko ba ta so, sunanta kawai zan bayar.

"Na sani. Shi ya sa nake riƙe da ƙafarki."

Na ce ta tashi. Ta tashi ta share fuska da gefen mayafi, ta rako ni har bakin zaure. Can ta rage murya ta ce, ba don ta matsa mini ba, amma auren autarta ya kusa, ko zuwa yaushe nake ganin kuɗinta za su fito.

Na daɗe ina juya wannan. Ba muguwa ba ce. Tsoronta gaskiya ne, kuɗinta ma gaskiya ne, duka biyun kuma a kaina ta ɗora. Ku a gefe guda, ku huɗu da rufin da ke kanku. Ita a ɗaya gefen, da sauran takwas, don in aka fara kiran suna a tirbinal ba a tsayawa a kan ɗaya. Ba zan ce muku zuciyata ba ta raya mini in ba da sunan ba. Ta raya, har bakin ofishin metir na kai da sunan a kan harshena. Amma matan nan ba takarda suka ba ni ba, ba shaida, ba rantsuwa. Cikina suka ba ajiya, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da tirbinal ya buɗe aka kira mu, alƙali ya tambaya ko ina da mai shaida, na ce babu. Metir ya dube ni ya rufe takardunsa. Aka tabbatar da hukuncin dattawa, aka ɗora mini kuɗin shari'a. Ɗanjuma ya wuce ta gabana yana gyara babbar riga.

Gidan kaɗai ya rage da zai ɗauki nauyin. A lokacin ba mai sayen gida da daraja, kowa kuɗin gudu yake riƙewa, na sayar a yadda aka taya. Rabonku na gado yana ciki, na sani, kuma ban tambaye ku ba don kuna ƙanana. Wannan hakkin yana wuyana, ban ce ku yafe ba sai kun ga dama. Muka koma ɗaki biyu na haya a bayan masallaci. Na bi gidaje takwas cikin kwana huɗu, kowace na ba ta uwar kuɗinta cif, ba riba, ba ragi. Wasu sun yi kuka, wata ta ƙirga sau biyu. Babu wadda ta tambaye ni ina za mu kwana.

Hajiya Ladi na bari ƙarshe. Don kada a gan mu ta shigar da ni ɗakin bayan nan, ta zauna a kan katan ɗaya ta nuna mini wani. Rabin kayan an riga an kai kasuwa. Na kwance ƙullin na zuba mata a cinya. Tana cikin jera su sai muka ji gyaran muryar Alhaji Garba a tsakar gida, ya dawo ɗaukar wani abu. Ya ga takalmina a ƙofa. Ya tsaya bayan labule ya yi sallama, ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi yara. Hajiya Ladi ta kifa mayafi a kan cinyarta, ta rufe kuɗin.

"Rabi, na ji kin sayar da gidan marayu," in ji shi. "Abin bai yi mini daɗi ba. Da kin tsaya a kan abin da muka yanke da ba a kai nan ba. Buhu uku ai ba su cin gida. Wa ke bin ki bashi haka?"

Ina zaune a kan kwanukansa, bayana a jingine da tambarin Ɗanjuma. Labule ɗaya ne tsakanina da shi. Hajiya Ladi ta zuba mini ido.

Na ce, "Masu gozo ne, Alhaji. Na biya su."

Ya ce to Allah ya rufa asiri. Na ce amin. Muka ji takunsa ya fita. Ta sauke ajiyar zuciya, ta janye mayafin, ta ci gaba da ƙirga daga inda ta tsaya.